Gasar Yaranmu Ba Gadon Birni Ba Ce

Ranar Asabar da ta wuce na zauna taron shirya gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare, wadda muke yi tsakanin ƴan birnin Maraɗi da na kewaye. Awa uku muka yi. Biyu da rabi sun tafi kan tambayoyi biyu: ina za a buga wasan ƙarshe, kuma wa zai ɗauki kofi bana. Ragowar rabin awar muka raba tsakanin sallar azahar da maganar wanda zai sayo ruwan sanyi na manyan baƙi. Har muka watse babu wanda ya tambayi yara nawa za su buga, da me za su zo, ko me za su ci idan sun zo.

Ana cikin gardamar, wani abokin aikinmu da ke koyarwa a Jiratawa ya ɗaga hannu. Dattijo ne, ya girme ni a shekaru da aiki. Ya ce, cikin ladabi, ko za a duba a kai musu wasan ƙarshe ko da sau ɗaya. Kafin ya rufe baki wani daga baya ya ce, "Malam, a cikin zogale za mu kafa kwandon?" Ɗaki ya fashe da dariya. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Dattijon ya yi murmushi, ya sauke hannunsa, bai ƙara cewa uffan ba. Sai da na hau babur na kama hanyar gida dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Wannan rubutu bashin dariyar nan nake biya.

Matsayina a fili yake: a daina kulle gasar nan a birni. A rubuta doka, a zagaya da ita tsakanin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, kowa da shekararsa. Kuma manyan da suka mayar da hasashen wasan yara hanyar cin kuɗi, a nuna musu ƙofa. Maganganun nan biyu kamar ba su haɗu ba, amma jijiyarsu ɗaya, kuma zan nuna.

Bari in fara da hasashen. Da zarar an sa rana, zaurukan WhatsApp na malamai da na tsofaffin ɗalibai sai su cika. A fada, tsakanin shayin farko da na biyu, kowa ya zama masani. "Bana ma birni ne." "Ƴan Tibiri ba su wuce zagayen farko." "Ƴan Jiratawa yawon buɗe ido suke zuwa." Idan aka buga, abin ya fito kamar yadda suka faɗa, sai a yi ta bugun ƙirji: "Ai na gaya muku!" Kamar wani duba suka yi.

Babu duba a ciki. Ku bi yaron Tibiri ranar wasa ku gani. Da asuba ya tashi, ya yi aikin gida, ya tsaya bakin titi jiran motar da malaminsa ya roƙo ko adaidaitar da aka yi karo-karo aka ɗauka. Su goma sha biyu a matse, gwiwa a haɓa. Ya iso bai karya ba, ko ya sha ɗan koko. Shekara guda yana atisaye a kan ƙasa, inda ƙwallo ke tashi yadda ta ga dama. Yau ne zai taka siminti, inda take dawowa hannu da sauri fiye da yadda ya saba. Kwandon da ya saba jefawa zoben ƙarfe ne da aka ɗaure a jikin itace, babu allo a bayansa, tsayinsa kuma yadda Allah ya nufa. Ya waiga, duk wanda ke bakin fili na abokin karawarsa ne. Shi kuwa ɗan birni a gadonsa ya kwana, a filin nan ya wuni jiya, ƙannensa da abokansa na kiran sunansa. To wane hasashe ake buƙata a nan? Mu muka ɗaure wa yaro ƙafa, sannan muka zauna muna cin fare cewa ba zai yi gudu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda sakamakon ke komawa hujja. Shekara ta zagayo, a ce, "Me za a je yi Tibiri? Ai ba su iya ba." Ba su iya ba don ba su da fili. Ba su da fili don ba a taɓa kai musu gasa ba. Ba a kai musu gasa don ba su iya ba. Haka muke ta kewaya kamar raƙumin ban ruwa, shekara da shekaru, kuma muna kiran abin tsari.

Mu ƴan Nijar ba mu da uzurin rashin sanin maganin wannan cuta, domin a gidanmu yake. Kokowar gargajiya ta cin takobi ita ce wasan da ya fi kowane tara jama'a a ƙasar nan. An fara ta a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma a Tawa aka fara, ba a Yamai ba. Da a ce masu irin tunaninmu ne suka shirya ta, da sun ce Yamai ce ke da masauki, Yamai ce ke da wuta da ruwa, a bar ta can har abada. Ba su yi haka ba. Suka ce ta zagaya. Yau jihohi takwas ne, kowace ta kawo ƴan kokowa goma, kowace kuma tana jiran shekararta. Difa ta karɓa, Agadas ta karɓa, Tilaberi ta karɓa. Filayen kokowar da muke tinƙaho da su a manyan biranen jihohi, zagayawar nan ce ta haife su kuma ita ke sa a gyara su. Babu jihar da aka ce wa ta nuna fili kafin a san da zamanta. An ce mata baƙi na tafe, ta tashi ta yi shara.

Kuma dubi abin da zagayawar ta yi wa masu hasashe. Takobin farko, wanda aka yi a Tawa, ɗan Maraɗi ne ya ɗauko shi: Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, wanda filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa. A gidan wasu ya yi kaye. A zamaninmu kuma, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har shida. Da aka kai gasar Doso a ƙarshen 2024, gidansa, gaban mutanensa, wa ya isa ya yi hasashen wani ba shi ba? Sai ga Abba Ibro na Tawa ya tafi da takobin. Daɗin wasa ke nan: a shiga fili ba a san wanda zai fito ba. Gasar da kowa ya san ƙarshenta tun kafin a busa usur, biki ne kawai na raka mai gida ɗaukar kofinsa.

Yanzu bari in bi hujjojin ƴan uwana na birni ɗaya bayan ɗaya, don na saurare su, wasu ma ni kaina na taɓa riƙe su.

Hujja ta farko: babu fili. Gaskiya ne, babu irin na birni. Amma mene ne filin ƙwallon kwando? Tsawo mita 28, faɗi mita 15, kwando a tsayin mita 3 da santimita 5. Shi ke nan. Bai kai tsakar gidan wasu alhazai ba. Daɓen siminti ne, da turaku biyu, da allo biyu, da zobe biyu da mai walda zai lanƙwasa a wuni ɗaya. Wanda ya ƙirƙiri wasan ma malamin makaranta ne irinmu, James Naismith, a garin Springfield na Amurka, cikin Disamban 1891. Sanyi ya hana ɗalibansa fita waje, ya rasa yadda zai yi da su, ya samo kwanduna biyu na ɗibar ƴaƴan itace ya kafa a sama, ya rubuta dokoki 13. Da ya ce sai an gina masa fili na zamani, da yau babu wasan. Garin da ya iya gina masallacin Juma'a da gudummawar jama'a, garin da manomansa ke tafiyar da ƙungiyoyin ban ruwa suna raba ruwa da ƙa'ida a fadamar Jiratawa, shi ne za a ce daɓe ɗaya ya gagare shi? A faɗa musu yau cewa shekara biyu masu zuwa su ne masu masauki, a ga ko ba za su ba mu kunya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake cewa a sanar da wuri. Amma wanda ba a taɓa gaya wa akwai tafiya ba, kada a zarge shi da rashin gora.

Hujja ta biyu: nisa da wahalar sufuri. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. Tibiri da Jiratawa kowane ɗan kilomita goma ne da ƴan kai daga birni. Kullum da safe zogale da kayan miya na Jiratawa suna isowa kasuwar Maraɗi kafin wasunmu su gama alwala. Ma'aikata na kwana Tibiri su yi aiki a birni. Hanyar nan da yaran ƙauye ke bi kowace shekara su zo mana, ita ce dai za mu bi mu je musu. Ko kuwa tana tsawo ne idan ɗan birni zai bi ta?

Hujja ta uku: tsaro, wai idan aka kai wasa can za a yi rigima. Ina so wanda ya faɗi haka ya gaya mini a ina aka yi rigimar da muka gani da idonmu. Ni dai duk jifa da zagin alƙalin wasa da na shaida, a birni na shaida su. Tibiri kuwa gari ne na sarauta, fadar Sarkin Gobir, garin da ya saba tara dubban mutane a bukukuwansa ya sallame su lafiya. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri tun ƙarni na 19 suke zaman maƙwabtaka da ƙawance, sun ga yaƙi tare, sun ga yunwa tare. Wasan yara na minti arba'in ba zai raba su ba. Idan ana tsoron taro, a nemi dattawan gari da hukuma tun da wuri, kamar yadda ake yi a kowane taro.

Hujja ta huɗu: kuɗi. Wai ƴan kasuwar da ke ba da tallafi a birni suke, kuma suna son a gan su. Na yarda. Amma ɗan kasuwar Maraɗi ba yaro ba ne. Ya san inda masu sayen kayansa suke, kuma ba a cikin birni kaɗai suke ba. Wanda ya sayi riguna don Allah da don yara, zai saya ko a ina aka buga. Wanda kuwa sharaɗinsa shi ne sai a ƙofar shagonsa, to talla yake saye, kuma bai kamata ladan tallarsa ya yanke wa yaran garuruwa uku hukunci ba. Akwai kuma masu cewa Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Runji, Jiratawa tana ƙarƙashin Madarunfa, birni kuma da nasa hukumomi, don haka takardu za su yi yawa. To ai takardun nan ba su taɓa hana mu gayyato yaran su zo su cika mana jadawali ba. Sai ranar da za a ba su masauki ne muke tuna iyakar gunduma.

Hujja ta biyar ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata raini ba. Wata uwa ta ce mini, "Malam, yaranmu na karatu a rumfar zana, kai kana maganar filin ƙwallo?" Ba wanda ke zaune a Maraɗi zai manta da watan Nuwamban 2021, lokacin da gobara ta tashi a ajujuwan zana ta ci ƙananan yara fiye da ashirin. Idan aka ajiye mini buhun siminti ɗaya aka ce aji ko fili, aji zan ce, ba tare da na yi tunani ba. Amma ba zaɓin da ke gabanmu ke nan ba. Gasar nan ana yin ta, kuɗin ana kashe su kowace shekara: rumfunan baƙi, kujerun haya, lasifika, lemo, ambulan na wane da wane. Washegari a kwashe komai, ko ƙusa ba ta rage ba. Cewa nake a karkata wani kaso na abin da ake ƙonawa a wuni ɗaya zuwa abin da zai shekara ashirin yara na amfani da shi. Kuma mu malamai mun sani, wasan motsa jiki darasi ne da ke cikin jadawali, ana ba da maki a kansa. Muna jarraba yaro kan abin da ba mu tanadar masa wurin koyo ba.

Akwai waɗanda wannan tsari ya fi cuta, kuma ko sunansu ba a ambata a taronmu ba: ƴan mata. Na taɓa koyar da wata yarinya a wani ƙauye kusa da birni, doguwa, mai ido da hannu, idan ta jefa ƙwallo kamar ta aike ta. Da aka zo tafiya gasa na je har gida. Mahaifinta ya tarbe ni da mutunci, ya ce, "Malam, ba ƙin ka na yi ba. Amma ɗiya mace, mota, birni, dawowar dare? Ka yi haƙuri. Da a nan ne, da ni da kaina zan kai ta." Ban iya ce masa komai ba, domin ni ma uba ne. Washegari ta same ni bakin aji ta ce, "Mushe, ba komai." Ta daina zuwa atisaye. Ku lura da maganar mahaifin: da a nan ne. Duk shekarar da muka kulle gasa a birni, mun cire rabin yaran ƙauye tun kafin a fara, sannan mu hau mumbari ranar bikin mata muna jawabi kan ilimin ɗiya mace. Uwar da ta ga ƴarta a fili, cikin sutura ta mutunci, gari na tafa mata, ita ce gobe za ta ce a bar ta ta gama makaranta. Gani ya kori ji.

Yanzu in dawo kan hasashe, in faɗi abin da ake rufewa. Hasashe na baka ba laifi ba ne. Ni ma ina yi. Gishirin wasa ne, har a aji nakan yi amfani da shi: in sa yara su zana jadawalin maki, su lissafa wa ke buƙatar cin wasa nawa kafin ya wuce, su koyi kaso da matsakaici ba tare da sun san darasi ake yi ba. Amma abin da ke faruwa a bakin filayenmu ya wuce nan. Wayar hannu ta koya wa samari caca kan ƙwallon Turai, hannu ya saba, yanzu an sauko da ita kan wasan ƙannensu. Jika biyu kan makaranta kaza. Jika biyar cewa za a ci da tazarar maki goma. A fili ake ƙulla ta, wani ya riƙe kuɗin, mu kuma muna kallon wani gefe.

Na ga ƙarshen wannan da idona. Saura daƙiƙu a tashi, alƙalin wasa ya ba wani yaro jifa biyu. Bai wuce shekara goma sha biyar ba. Ya jefa ta farko ta kuskure, ya jefa ta biyu ta kuskure. Wani ƙato mai gemu, sa'an mahaifinsa, ya ratsa cikin fili yana zagin uwarsa, don ya yi asarar jika uku. Yaron ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Mu malamai muka ce "a yi haƙuri, a yi haƙuri", muka janye ƙaton kamar shi aka yi wa laifi. Ban ƙara ganin yaron nan da ƙwallo ba.

A nan ne maganganun biyu suka haɗu. Wanda ya zuba kuɗi ba ya son shakka. Yana son filin da ya sani, taron da zai tsorata alƙali, da ƙungiyar da aka cusa wa ƴan haya, waɗancan "ɗalibai" masu gashin baki da ba a taɓa gani a aji ba sai ranar wasa. Ba na cewa duk mai son a bar gasa a birni ɗan caca ne, Allah ya kiyaye. Mafi yawansu abokaina ne, son sauƙi ne kawai da sabo. Amma su sani, tsarin da suke karewa ya fi yi wa ɗan caca daɗi fiye da kowa. Kuma babu uba ko malami a garin nan da ke buƙatar in karanta masa hukuncin caca a addini. Mun sani. Kawai dai idan an sa mata riga an kira ta "hasashe", sai mu yi kamar ba mu gane ta ba.

Wanda ke ganin ina zuzuta abu, ya dubi ƙasar da aka haifi wasan. A Amurka jami'o'i rukuni-rukuni suke, kowane rukuni na yin gasarsa a watan Maris, zakara ya wuce babbar gasar ƙasa, wadda a 2011 aka kai yawan masu shigarta 68. Su ma gardamar masauki ba ta ƙare musu ba. Rukunin Big East tun 1983 yake yin tasa a babban zauren Madison Square Garden na birnin New York. Wasu ƙananan rukunai suna ba wanda ya fi maki a kakar wasa damar karɓar baƙi a gidansa. Rukunin Ivy League, na su Harvard da Yale, ya fara tasa a 2017, daga baya ya tsara a riƙa zagayawa da ita tsakanin jami'o'insa. Kowa da hanyarsa, amma abu ɗaya ya haɗa su: doka ce a rubuce, an san ta tun kafin a fara, ba ta dogara da wanda ya fi ɗaga murya a taro ba. Hasashe kuwa, miliyoyin mutane ke cika takardarsa kowace shekara, kuma kowace shekara sai an kunyata su. A 2018 wata ƙaramar jami'a mai suna UMBC, wadda aka sa a ƙasan jeri, ta lallasa Virginia da ke saman jeri da ci 74 da 54. Amma sun ɗanɗani ɗacin abin ma. A 1950 kwalejin birnin New York ta haɗa manyan kofuna biyu na ƙasar a shekara ɗaya. A 1951 aka kama ƴan wasanta da karɓar kuɗin ƴan caca don su rage tazarar ci. Tun da kotun ƙolin ƙasar ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, hukumar wasannin jami'o'i ke kukan yadda waɗanda suka yi asara ke bin ɗalibai da zagi da barazana. Su da ke da kuɗi da lauyoyi ke nan. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo magani ba, ga abin da zan ɗora kan tebur a taro na gaba.

A rubuta jadawalin masauki na shekara shida, a sa hannu: Maraɗi, Tibiri, Jiratawa, a sake zagayowa. Garin da bai shirya ba a shekararsa ya yi musaya da na bayansa, amma ba ya rasa rabonsa.

A ware kaso sananne daga duk abin da aka tara, ya tafi ga filin mai masauki na gaba, a hannun kwamitin makaranta da na iyayen yara, a karanta lissafi a bainar jama'a. Filin kuma a cikin makaranta za a yi shi, inda yara za su same shi ranar Litinin.

Kuɗin mota da abincin ƴan wasa su zama layi na farko a kasafi. Ruwan sanyin manyan baƙi ya koma na ƙarshe.

Wasan ƙarshe na ƴan mata a yi shi rana ɗaya, fili ɗaya da na maza, da rana tsaka, a ware wa iyaye mata wurin zama.

Duk ɗan wasa a duba sunansa a rajistar aji da takardar makinsa kafin ya sa riga. Makarantar da aka kama da ɗan haya ta huta shekara guda, ko ta wace ce.

Duk wanda aka gani yana ƙulla kuɗi a bakin fili, a fitar da shi. Idan malami ne, a cire shi daga kwamiti, kuma kada a ji kunyar faɗin dalili.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Yamai ko tallafin ƙasar waje. Ƙasar da ta fitar da Isaka Dabore ya ciyo tagulla a dambe a Munich a 1972, ta fitar da Abdul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a Rio a 2016, ba ta rasa yara masu baiwa ba. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya zama zakaran Amurka a 1994 da 1995, sai da ya kai kusan shekara goma sha biyar kafin ya fara wannan wasa. Wani ne ya gan shi ya miƙa masa ƙwallo. Ban ce akwai irinsa a Jiratawa ba. Na ce ko akwai, da wannan tsari namu ba za mu taɓa sani ba. Kuma ko babu, yaron da ya koyi bin doka, ya koyi shan kaye ba tare da dambe ba, ya koyi karɓar baƙo a garinsu, ya ci riba.

Iyaye, musamman na Tibiri da Jiratawa, kada ku bar wa malamai wannan magana. Mu ma'aikata ne, yau muna nan gobe an canza mana wuri, kuma muna jin nauyin juna. Ku ne masu yara. Ku tambayi shugaban makarantarku yaushe ne naku zagayen. Ku zo taro, ku zauna a gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƴan uwana na birni kuma, na san za a ce na ci amanar gida, tunda a nan nake koyarwa kuma yarana na cikin masu cin gajiyar tsarin. To, na fi son su je Tibiri su sha kaye na gaskiya da su yi ta tara kofunan da aka share musu hanya. Idan kuma gwanaye ne kamar yadda muke faɗa a fada, su je su nuna a gidan wasu, kamar yadda Kantu ya yi a Tawa.

Shi kuwa dattijon da muka yi wa dariya, jiya na je har Jiratawa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Haba Malam, ai ba komai." Sannan ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan ajujuwa, ya nuna mini wani fili da shi da ɗalibansa suka share, suka auna da igiya, suka kafa duwatsu a kusurwa huɗu. Ya ce shekara uku ke nan suna cire masa ciyawa. Na taka shi da ƙafata. Mita 28 ne da 15.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.